Robar fitsari wata biyar a jikin maigidana, ina mafita?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na daɗe ina karanta abin da ake rubutawa a nan ban taɓa tofa albarkacin bakina ba, yau dai abin ya kai ni bango. Maigidana ya yi hatsarin mota a hanyar Zariya zuwa Kano wata biyar da suka wuce, ƙashin bayansa ya karye daidai ƙirji, laka ta taɓu. A takardar sallama an rubuta T4, wato gaɓa ta huɗu ta ƙashin baya a sashen ƙirji. Hannuwansa lafiya lau, amma daga ƙirji zuwa ƙasa ba ya jin komai. Ba maganar ƙafa ce ta kawo ni ba, wannan mun bar wa Allah. Fitsari da bayan gida ne suka hana mu sakat.

Tun a asibiti aka sa masa robar fitsari mai jaka, da ita aka sallame mu, aka ce a riƙa canzawa, ba a ce har zuwa yaushe ba. Yanzu robar toshewa take yi, fitsari ya riƙa biyo gefenta, wani abu fari kamar garin alli yana taruwa a ciki. Bayan gida kuwa sai ya yi kwana biyar ko shida shiru, sannan rana ɗaya ya zubo ba sallama. Ranar Juma'ar da ta wuce abokan aikinsa sun zo duba shi, suna zaune abin ya faru. Tun daga ranar ya ce kada a ƙara shigo masa da kowa. Abinci sai ya ɗan taɓa ya ture, ruwa ma sai na yi da gaske, wai don kada ya ɓata shimfiɗa. Don Allah wanda ya san hanya ya nuna mini.

Hajiya Babba:
Wa alaikumus salam. Sannu ɗiyata, sannu da jinya, Allah ya ba ki ladan. Alhaji nawa shanyewar ɓarin jiki ce ta same shi shekara uku ke nan. Farko shi ma fitsari zuba yake yi. Abin da aka koya mini shi ne kada in jira ya ce yana ji, in riƙa miƙa masa kwalba duk bayan awa biyu, ko yana ji ko ba ya ji. Da rana na ɗaure abin da lokutan salla da na abinci don kada in manta. Bayan wata biyu muka mai da shi awa uku, yanzu da kansa yake kira. Ki gwada.

Sista:
Hajiya, Allah ya ƙara wa Alhaji sauƙi, abin da kika yi daidai ne ga irin ciwonsa. Amma nasu ba ɗaya ba ne. Mai shanyewar ɓarin jiki, ƙwaƙwalwa ce ta taɓu, hanyar da ke tsakanin mafitsara da laka tana nan, shi ya sa da yawansu suke dawowa daidai cikin watanni. Wanda lakarsa ta yanke, saƙon ba ya isa sama, na sama kuma ba ya saukowa. Miƙa kwalba kaɗai ba zai yi masa ba.

Uwar Biyu, kafin mu je ko'ina ina da tambaya, ki amsa mini yanzu in kina kusa. Lokacin da robar ta toshe, yana yin ciwon kai? Gumi fa a fuska da wuya? Hancinsa yana toshewa?

Uwar Biyu:
Innalillahi. Sista, kamar kina ɗakin. Sau uku ke nan. Kai ya riƙa sara masa kamar ana buga guduma, fuska ta yi ja, gumi na tsiyaya daga goshi har kafaɗa, amma ƙafafu sanyi ƙalau. Surukata ta ce iska ce, aka yi hayaƙi. Na biyun ƙaninsa ya sayo farasitamol a kemis, muka kwantar da shi muka lulluɓe.

Sista:
To ki saurare ni da kyau, kuma ki karanta wa duk wanda yake kwana da shi. Wannan ba iska ba ce, kuma farasitamol ba ya taɓa shi. Duk wanda lakarsa ta samu rauni daga T6 zuwa sama, kamar T4 ɗin mijinki, yana iya gamuwa da shi. Mafitsara ta cika ta kumbura, shi bai ji ba, amma jijiyoyin da ke ƙasan raunin sun ji, sai su matse hanyoyin jini, jini ya hau lokaci ɗaya. Ƙwaƙwalwa tana ƙoƙarin saukar da shi, saƙonta ba ya wuce wurin da aka ji ciwon. Shi ya sa sama ke ja da gumi, ƙasa ke sanyi. Yana iya fasa jijiya a kai, yana iya kawo farfaɗiya, yana kashewa.

Kwantar da shi da kuka yi shi ne abin da ba a so. In ya taso, a zaunar da shi tsaye, a sauke ƙafafu ƙasa, a kwance duk abin da ya matse shi, tazuge, bel, safa. A bi robar daga jiki har jaka a ga ko ta lanƙwashe ko ya danne ta ko jakar ta cika. In ta toshe a canza ta nan take. Mafi yawan lokuta da fitsarin ya fita sai ka ga kan ya saki cikin mintuna. In fitsari na tafiya amma bai lafa ba, abu na biyu da ake zargi shi ne bayan gida da ya taru a dubura, sai gyambon kwanciya, ko farce da ya shige nama, ko ƙuna. In an duba ba a ga dalili ba, asibiti ba jira.

Ku sayi na'urar awon hawan jini ku san nasa na yau da kullum. Masu irin rauninsa jininsu yakan zauna ƙasa, 90 zuwa 110 a lambar sama. Saboda haka ƙarin 20 zuwa 40 a kan nasa ya isa ya zama haɗari, ko da wani zai ga 140 ya ce ai ba komai. Ki sa a rubuta muku bayanin a takarda ya riƙa yawo da ita a aljihu, don ba kowane ma'aikacin lafiya ne ya taɓa ganin abin ba.

Ɗan Kwari:
Allah ya kiyaye. Ni dai shawarata, tunda ruwan ne ke cika mafitsarar, ai shi ya yi dabara da ya rage sha. Bayan gida kuma a jiƙa masa filasko da tsamiya, ciki zai wanke tas. Iyayenmu da shi suka rayu.

Tsohon Direba:
Malam Ɗan Kwari, ka yi niyyar alheri, amma rage ruwan nan shi ne ya kusa kai ni kabari. Shekara 11 ke nan ina kan keke, tirela ce ta kife da ni, nawa raunin T10 ne, ƙasa da na mijinta. Shekara biyu na farko na yi su da roba mai jaka, ina ƙin shan ruwa kamar yadda mijin wannan baiwar Allah yake yi. Fitsari ya koma kamar shayi mai kauri, robar na toshewa duk mako, a ƙarshe aka ciro mini tsakuwa daga mafitsara mai girman ƙwan zabuwa. Robar kuma saboda nauyin jakar da take ja, ta tsaga mini bakin mafitar fitsari. Ba na jin zafi, ban sani ba sai da aka nuna mini.

Abin da ya canza mini rayuwa wata ma'aikaciyar jinya ce ta koya mini sa robar da kaina in cire. Siririya ce, ba ta da balan-balan ɗin da ke riƙe mai jakar a cikin mafitsara, ba jaka. In wanke hannu da sabulu, in wanke gaba, in shafa mata man da ake sayarwa a kemis mai narkewa a ruwa, ba basilin ba, in zura a hankali har fitsari ya fara zuba a cikin gwangwanin da na ware, ya tsaya, in zaro. Minti biyar. Sau biyar nake yi a rana: asuba, hantsi, azahar, magariba, sai in zan kwanta. Ma'aunina ledar fiya wata ce. Abin da zai fita a zama ɗaya kada ya wuce cikin leda guda, rabin lita ke nan. In ya wuce, na makara ko na sha da yawa. Ledoji huɗu nake sha a yini, ina rarraba su, bayan isha'i kuma sai kurɓa.

Ranar farko hannuna rawa yake yi, na yi kuka ma. Yau ina da teburin cajin waya a bakin titi, ina wuni a can, ba wanda ya san abin da ke cikin 'yar jakata. 'Yar'uwa, mijinki hannuwansa biyu lafiya. Ki ce masa wani ɗan'uwansa direba ya ce shi zai riƙa yi da kansa, ba ke ba.

Baban Ummi:
Ni kam ban yarda a riƙa nuna abin kamar mai sauƙi ba. Yayana ya gwada wannan hanyar, cikin wata guda zazzaɓi ya kwantar da shi, aka ce ciwon sanyi ne ya hau har ƙoda. A ƙauye muke, ruwan rijiya, roba guda ake wankewa ana mayarwa saboda kuɗi. Abin da za a zura sau biyar a rana ai ya fi wanda za a sa sau ɗaya a wata shigar da datti. Muka koma mai jaka muka huta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Tsohon Direba:
Sau nawa yake yi a rana, tsakani da Allah?

Baban Ummi:
Safe da dare. Wani lokaci sau uku in ina gida, don shi yatsunsa ba sa riƙe abu, wuya ne ya karye.

Likita:
To ga amsar nan ta fito da kanta, kuma ku biyun kowa yana da gaskiyarsa. Bari in ɗan tsawaita, don wannan gardamar an yi ta a tsakanin likitoci ma shekaru da yawa.

A yaƙin duniya na farko, mafi yawan sojojin da lakarsu ta yanke ba sa wuce 'yan makonni ko watanni. Ba karayar ce ke kashe su ba, ciwon mafitsara da ƙoda ne da gyambon kwanciya. A 1944 wani likita Bayahude da ya gudo daga Jamus, Ludwig Guttmann, ya buɗe sashen masu raunin laka a asibitin Stoke Mandeville a Ingila. Ya dage a kan juya majiyyaci a kai a kai da kuma zura roba a cire a kan lokaci, da tsabta irin ta ɗakin tiyata. Mutanen da aka fid da rai da su suka rayu, har ya shirya musu gasar harbin kibiya a 1948, wadda ita ce ta girma ta zama wasannin nakasassu na duniya da aka fara a birnin Rum a 1960. Sai a 1972 wani likitan mafitsara a Amurka, Jack Lapides, ya nuna cewa ba dole sai tsabtar ɗakin tiyata ba, wanke hannu da sabulu ya wadatar, matuƙar ana yi a kai a kai. Hujjarsa ita ce, mafitsarar da ta cika ta miƙe fiye da kima jini ba ya ratsa bangonta sosai, ƙwayoyin cuta kuma sun samu kwantaccen ruwa su hayayyafa. Wadda ake zubarwa duk awa huɗu zuwa shida ba ta ba su wannan damar.

Baban Ummi, sau biyu a rana awa goma sha biyu ke nan fitsari na kwance. Ba hanyar ce ta gaza ba, yanayinku ne bai ba da damar yin ta yadda take ba. Kuma ga wanda yatsunsa ba sa aiki, ba shi da mai yi masa dare da rana, roba mai zama ba laifi ba ce. Sai dai in za a daɗe da ita, ku tambayi likita game da wadda ake hudawa a mara, ƙasan cibiya. Tana kare mafitar fitsari daga irin tsagewar da Tsohon Direba ya faɗa, ta fi sauƙin canzawa da tsabtacewa. Mai roba mai zama shi ruwa ake so ya sha da yawa, ya wuce lita biyu, jakar kullum ƙasa da mara amma ba a kan ƙasa ba, a manne robar a jiki da filasta don kada ta riƙa ja. Ta roba zalla, mai ruwan ɗorawa, ba a so ta wuce mako biyu zuwa huɗu. Ta silikon tana iya kai mako 12 in ba ta toshe ba. Farin garin da Uwar Biyu ta gani wasu ƙwayoyin cuta ne ke sauya fitsarin har gishirinsa ya daskare, ƙarancin ruwa kuma yana hanzarta shi.

Abin da ya fi damuna ma ba zubar fitsari ba ne. A rauni irin na T4, bayan watannin farko mafitsara takan fara matsewa da kanta, ƙofar fitar kuma maimakon ta buɗe sai ta ƙara ƙullewa. Fitsarin ya rasa hanya, matsin ya koma sama ya kumbura ƙoda, a hankali, ba zafi ba alama, sai bayan shekaru a ce ƙoda ta lalace. Shi ya sa ake son hoton ƙoda da mafitsara da gwajin jini aƙalla sau ɗaya a shekara ko da mutum yana jin garau. Akwai magani mai kwantar da mafitsara irin su oksibutinin, amma yana busar da baki, yana taurara bayan gida, yana rage gumi, abin lura ne sosai a zafin Maris da Afrilu. Kada a saya a kemis, likita ya rubuta. Uwar Biyu, ku nemi ganin likitan mafitsara, a Kano akwai su a Asibitin Malam Aminu Kano, a Zariya akwai a Shika. A can za a cire mai jakar, a koya masa da hannu. Kada ya fara daga karatun waya.

Baban Ummi:
Na gode Likita. Ta marar nan ban taɓa jin labarinta ba. Amma duk lokacin da fitsarin yayana ya yi wari ko ya yi duhu mukan sayo masa kafso. Wannan fa?

Likita:
Ku daina. Duk mai roba a jiki, in aka auna fitsarinsa za a ga ƙwayoyin cuta, wannan ba ciwo ba ne. Wari ko gurɓacewa kaɗai ruwa yake nema. Ciwo shi ne in ga zazzaɓi, rawar sanyi, kasala, ƙafafu sun ƙara zabura fiye da yadda aka saba, ko jini. Sannan a kai fitsarin a auna kafin a sha magani. Kafson da kuke ba shi yau shi zai sa ranar da ciwon gaske ya zo a rasa wanda zai yi aiki.

Uwar Biyu:
Allah ya saka da alheri. Na karanta masa, bai ce komai ba amma ya ce in sake karanta na Tsohon Direba. Saura bayan gidan, wallahi shi ya fi karya masa zuciya. Makon jiya ma gudawa ya yi ta yi, muka ba shi maganin tsayar da ita.

Sista:
Mutumin da ya yi kwana shida bai fita ba sannan ruwa-ruwa ya fara zubowa, sau da yawa ba gudawa ba ce. Busasshen bayan gida ne ya toshe hanya kamar dutse, na ruwan da ke bayansa yake tsiyayowa ta gefe. Maganin tsayar da gudawa ƙara ƙulle shi yake yi. A fara fitar da wanda ya toshe, kuma tunda nasa T4 ne, karon farko a yi a gaban ma'aikacin lafiya da man kashe zafi, saboda taɓa wurin ma yana iya tayar da hawan jinin nan.

Bayan nan sai a kafa lokaci. Hanji yana da ɗabi'a: minti 20 zuwa 30 bayan an ci abinci ko an sha abu mai ɗumi yakan motsa. Wannan ɗabi'ar tana nan ko bayan rauni, ita ake kamawa. Ku zaɓi lokaci guda, kullum ko bayan kwana ɗaya, kada a sauya. Ya sha koko ko kunu mai ɗumi. A sa masa maganin matsi ta dubura, bisakodil ko na gilisarin, a tura shi ya jingina da bangon hanji, ba cikin bayan gidan ba. A jira kamar minti 15 zuwa 20. A shafa ciki daga ƙasan dama, a hau, a ratsa, a sauko hagu. Sannan da safar hannu da mai, a sa yatsa a juya a hankali daƙiƙa 15 zuwa 20, a cire, a jira minti biyar zuwa goma, a maimaita har sai ba abin da ke fitowa. In a gado ne, a kwance ta ɓarin hagu. In zai iya zama ya fi, nauyi yana taimakawa. Duka kada ya wuce awa guda.

Wannan na masu rauni a sama ne irin nasa. Waɗanda nasu yake can ƙasan baya, wajen ƙugu, hanjinsu da duburarsu a sake suke, juya yatsa ba ya tayar da komai. Su da yatsa ake kwashewa, kullum, kuma an fi so bayan gidansu ya ɗan yi tauri don kada ya zube.

Makon farko da na biyu za a yi ta samun kuskure. Kada ku ce bai yi ba. Yakan ɗauki makonni kafin hanji ya saba.

Tsohon Direba:
Gaskiya ne, ni sai da na yi kusan wata biyu. Yanzu bayan asuba nake yi, Litinin, Laraba, Juma'a, sai Lahadi in na ji ciki ya yi nauyi. Rabon da in ɓata wando a waje na manta. Abinci kuma na gane da kaina: burodi da taliya da farar shinkafa kwana biyu a jere, na san zan sha wuya. Tuwon dawa da miyar kuka ko kuɓewa, kwaɗon zogale, wake, gwanda, su ne abokaina. Tiramol da aka saba ba mu don ciwon baya shi ma yana ɗaure ciki sosai, haka maganin ƙarin jini.

Ɗan Kwari:
To ai ga shi kun dawo kan kuka da zogale. Filaskon nawa ne kawai ba ku so?

Sista:
Malam, filasko magani ne na gaske, danginsa ne ake sarrafawa a yi ƙwayar sena da muke bayarwa a asibiti. Matsalar awo ce. Ƙwayar an san ƙarfinta, ana sha awa 8 zuwa 12 kafin lokacin da aka tsara, sai ta zo daidai. Jiƙon gida yau ya yi ƙarfi gobe ya yi rauni, ga mutumin da ba ya jin tahowar abin kuma ba ya iya riƙewa. Wanke ciki tas ɗin nan a kan katifa zai ƙare, a gaban baƙi, abin da ya sa shi rufe ƙofa tun farko.

Mai Gashin Ƙashi:
In ƙara da abin zama. Masai na tsugune ba zai yiwu ba. Mutane suna huda kujerar roba su sa bokiti a ƙasa, dabara ce mai kyau, amma bakin hudar kaifi gare shi, shi kuma ba ya ji. Na ga gyambon da ya faro daga nan ya kai ƙashi. A goge bakin, a naɗe shi da soso mai laushi a rufe da leda mai kauri. Mai T4 ba shi da ƙarfin riƙe gangar jiki, saboda haka kujera mai hannuwa, a jingine da bango, ƙafafu a kan ɗan dakali. Ruwan buta kuma a taɓa da hannu kafin a zuba, ruwan zafi ya ƙona da yawa ba su sani ba. A shanya wurin sosai bayan tsarki, a duba fatar ɗuwawu da madubi safe da yamma. Famfas in an bar shi jiƙe shi ke cinye fata.

Kuma wannan ina faɗa ne a matsayina na wanda aikinsa motsa ƙafa: iyalai suna sayar da gona su bi masu ɗori da masu gashi don a ga an taka, ba wanda ke tambayar fitsari. Wanda yake tsoron ɓata wando ba ya zuwa motsa jiki ma. Duk wanda na ga ya koma sana'a, wannan ya fara gyarawa.

Maman Auta daga Maraɗi:
Ni ɗiyata da ƙari a baya aka haife ta, aka yi mata aiki tana jaririya. Tun tana shekara biyu nake sa mata 'yar siririyar roba. Yanzu shekararta tara, da madubi ta koya, da kanta take yi a makaranta lokacin tara. Malamarta kaɗai ta sani. In yarinya ta iya, babba zai iya da yardar Allah.

Uwar Biyu:
Akwai abin da ya hana ni barci ban faɗa ba. Ya daina salla. Ya ce shi kullum cikin najasa yake, da wane ido zai tsaya gaban Allah da jakar fitsari a gefe. Ko akwai malami a nan?

Malamin Islamiyya:
Akwai ɗalibi dai. Ki gaishe shi, ki ce masa salla ba ta faɗi a kansa ba, kuma Allah bai ɗora masa abin da ba zai iya ba. Malamanmu sun yi bayanin mai yoyon fitsari tun da daɗewa. A mazhabar Malikiyya, abin da ke fita ba da ikon mutum ba, in yana lazimtarsa rabin lokaci ko fiye, ba ya karya alwala, najasar da ke taɓa jiki da tufa ta wannan hanyar kuma an yi rangwame a kanta saboda wahalar kauce mata. Ya tsabtace abin da ya sawwaƙa, ya yi alwala, in ruwa zai cutar ko ba mai miƙo masa ya yi taimama, ya yi salla a zaune ko a kwance yadda ya iya. Wanda matarsa ko mai jinya ke taɓa al'aurarsa don lalura, babu laifi a kansu. Azumi kuma in ya zo, mara lafiya yana da sauƙi, ya tambayi likitansa ko ƙodarsa za ta ɗauki wunin ba ruwa. Ina roƙon wani malamin unguwarku da yake jin nauyinsa ya je har ɗaki ya faɗa masa da baki, ya fi saƙon waya shiga.

Uwar Biyu:
Jama'a, na dawo bayan mako biyar. An ga likita, an yi hoton ƙoda, an ce lafiya, amma akwai 'yar tsakuwa a mafitsara da za a cire. An cire mai jakar, an koya masa, kwana 12 ke nan yana yi da kansa. Bayan gida mun zaɓi bayan isha'i saboda da safe ina shirya yara. Sau biyu aka samu kuskure, makon nan babu. Ciwon kan ya taso sau ɗaya da dare, na zaunar da shi, ya sa robar, kusan leda biyu ta fita, kafin in ɗauko na'urar awo ya lafa. Ga shi ya karɓi wayar.

Assalamu alaikum. Ni ne mai ciwon. Yaya Direba, ina so in je masallacin Juma'a makon nan, rabona da shi wata shida. Daga fita zuwa dawowa zai kai awa uku, ga rana. Yaya kake yi?

Tsohon Direba:
Wa alaikumus salam ƙanena, marhaba. Daren Alhamis ka yi na bayan gida kamar yadda kuka saba, kada ka ci sabon abu ranar. Da safe ka sha ruwanka daidai, shayi da goro ka bar su sai ka dawo, suna saurin cika mafitsara. Ka sa roba dab da fita, bayan ta sai alwala. A jaka ka ɗauki roba ɗaya, mai, sabulu, gorar da ba komai, da takardar nan da Sista ta ce. Wanda zai tura ka ya san abin yi in kai ya sara. Ku nemi inuwa a gefen sahu kusa da ƙofa, kada ka zauna a rana, jikinka ba ya gumi daga ƙirji zuwa ƙasa, ka tafi da tsumma jiƙaƙƙe ka riƙa sawa a wuya. Lokacin huɗuba duk bayan minti 15 zuwa 20 ka dafa hannun keke ka ɗaga jikinka, ko ka karkata hagu da dama. In kun dawo ka sake sa robar kafin ka ci abinci, ka duba nawa ya fita, ka zo nan ka faɗa mana.